Tunda sun biya ribar farko, ai ba 'yan damfara ba ne?

Auta: Salamu alaikum. Kawu, Gwaggo, shawara nake nema. Wata mata ta kira ni a waya, har cikakken sunana ta faɗa. Ta ce kamfaninsu na cinikin kirifto, wato kuɗin intanet, abin da ka zuba zai ninka cikin wata guda. Na gwada da dubu 10, wallahi dubu 20 suka shigo cif. Yanzu ta ce in zuba dubu 300 kafin Juma'a, za a rufe gurbi.

Yaya Babba: Ni ban ga aibu ba. Ɗan damfara karɓa ya sani, ba bayarwa ba. Sun biya ta, kuma na ga takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da suka turo mata. Me ya rage?

Kawu: Babba, shekarunka nawa lokacin MMM, tsarin zuba kuɗin nan na intanet? Kashi 30 cikin 100 suka yi alkawari duk wata, kuma sun yi ta biya, har masu ja da baya suka sayar da filaye suka shiga. Disambar 2016 aka wayi gari an rufe cire kuɗi. Dubu 10 da aka ƙara wa Auta kuɗin wani bawan Allah ne da ya shiga bayanta. Tsaba ake watsa wa kaza kafin a damƙe ta.

Gwaggo: Ni tun kafin a haifi Auta nake sarin atamfa a Kantin Kwari. Ban taɓa ganin hajar da ake rantse maka ba za ta faɗi ba.

Yaya Babba: Gwaggo, a gafarce ni, zamani ya canza. Akwai masu samu da kirifto ta hanyar halal. Ba komai ne damfara ba.

Anti Amarya: Akwai su, Yaya, amma su ba sa kiran baƙo a waya suna roƙonsa ya zo ya yi arziki. Kuma takardar CAC shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista, mai shagon ɗinki ma yana da ita. Mai tara kuɗin jama'a da sunan jari, lasisin SEC, hukumar kula da harkar zuba jari, ake tambayarsa, kuma ana iya duba sunansa a shafinta. CBEX fa, dandalin kirifton nan? Ninki suka yi alkawari cikin kwana 30, wai na'ura ce ke yin cinikin. Afrilun 2025 ya rushe, SEC ta ce ba shi da rajista da ita, a Ibadan mutane suka fasa ofishinsu suka kwashe kujeru. Bayan haka ma aka ce wa waɗanda kuɗinsu ya maƙale su biya dala 100 ko 200 ta tantancewa.

Yaya Babba: To naji. Amma waɗanda suka shiga da wuri suka fita da wuri ai sun ci.

Kawu: Sun ci kuɗin wa? Kai ma ka san amsar. Kuma wa zai buga maka ƙararrawa ya ce yau ce ranar fita?

Anti Amarya: Ga dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri har na shekara 10 ga masu irin wannan harka. Auta, asusun da kika tura kuɗin, sunan kamfani ne ya fito?

Auta: A'a Anti, sunan wani mutum ne. Ta kuma ce in na kawo mutum uku za a ba ni kamasho, sannan in wata lamba ta shigo min ta saƙo in karanto mata.

Anti Amarya: Innalillahi! Kul kika ba ta. Da lambar nan za a yashe asusunki, ko bankinki ba ya tambayarta a waya.

Gwaggo: Kuma kar in ji sunana cikin mutum ukun nan.

Auta: Ta sake kira yanzu. Na ce ta turo lambar rajistarsu ta SEC, ta ce tana wurin manaja, shi kuma ya tafi Umara.

Yaya Babba: To a jira ya dawo mana, mu gani.

Kawu: Jira kai kaɗai. Auta, toshe lambar.