Yadda muka sa kowa ya sa baki a tsara filin tarayya

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mu iyalai ne da muka haɗa hannu muna gina gidajen zaman tarayya, irin tsarin da aka sani da unguwar Sættedammen ta Denmak tun 1972, wanda ya isa Amurka da unguwar Muir Commons a garin Davis na jihar California a 1991: kowa da gidansa, amma ɗakin taro da tsakar fili na kowa ne. Yanzu mun zo kan tsara filin, ina roƙon waɗanda suka riga mu su faɗi yadda suka yi.

Wani dattijo: Wa alaikumus salam. Mu dai mun lura cewa muddin takardar zane ce a gabanmu, masu iya karanta ta kaɗai ke magana, sauran sai gyaɗa kai. Sai mai zanen ya fitar da mu filin da igiya da turaku, muka shata hanyoyi da wurin zama a ƙasa, muka riƙa komawa da hantsi da la'asar don ganin inda inuwa ke faɗawa. A nan ne wata baiwar Allah da ba ta taɓa buɗe baki a taro ba ta nuna mana kwarin da ruwan sama ke kwanciya, daidai inda aka so kafa lilon yara.

Wata uwa: Gaskiya ne, Baba. Namu saɓanin kan motoci ne. Iyaye mun dage a ajiye su a bakin unguwa, domin mu riƙa hango yara daga tagar kicin hankali kwance, amma maƙwabcinmu mai keken guragu ya ce ba zai iya wannan nisa ba. Ba mu kaɗa ƙuri'a ba, don tsarinmu sai kowa ya amince. Bayan doguwar tattaunawa muka shimfiɗa hanya mai faɗi marar matakala, aka ware masa wurin ajiya mafi kusa.

Wani mazauni: Malam, kafin ku amince da kowace shuka, ku rubuta sunan wanda zai riƙa ba ta ruwa, domin namu lambun ya bushe da ɗoki ya wuce. Wani ɓangaren filin kuma mun bar shi haka nan har shekara ta zagayo, sannan muka daɓe hanyar da ƙafafun mutane suka fitar da kansu.