Wai talauci ne ke sa mutane japa ko cin hanci?

Ɗan Rigasa:
Salam jama'a. Ina rubuta furojet ne a kan hijirar matasa zuwa ƙasashen waje, wato japa, kuma mun kasa jituwa da malamin da ke duba min. Ni na ce talauci ke korar mutane daga ƙasar nan, shi ya ce in koma in sake karatu, wai talaka tilis ba ya zuwa Ingila. To ai NBS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, da bakinta ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ke cikin talauci, in ba shi ba ne to mene ne? Don Allah a warware min.

Tsohon Lakcara:
Wa alaikumus salam. Malaminka na da gaskiya ɗana. Zauna ka lissafa kuɗin fasfo da biza da jarrabawar Turanci da tikitin jirgi, ga dala ta haura dubu tun da aka saki naira a 2023, wanda ke neman na garin tuwo ina zai haɗa wannan? Wani masani Michael Clemens ya nuna cewa in ƙasa matalauciya ta fara samun abin hannu, masu fita ƙaruwa suke yi, sai ta kai wani mataki sannan abin ya fara sauka. Talakanmu yana tafiya, amma ci-rani yake zuwa, Legas ko Fatakwal, tura ruwa ko gadi, damina na faɗuwa ya dawo gona. Kar ka zuba su a kwando ɗaya.

Maman Ilham Barnawa:
Malam wallahi kamar ka san labarin gidanmu. Yayata nas ce, ba yunwa take ji ba, har da 'yar motarta. Fayil ɗin ƙarin girmanta ya shekara biyu a kan tebur ɗaya, kullum ta je sai a ce oga bai zo ba, ƙarshe dai wani masinja ya ja ta gefe ya ce Hajiya fayil fa ba ya tafiya sai an ba shi na goro. Ranar a falo ta cire sarƙarta ta gwal ta ajiye gaban Mama ta ce a sayar, jarrabawar fita zan rubuta. Yanzu ita ke aiko kuɗin maganin sugan Baba duk wata, amma ni har yau raina na ɓaci in na tuna. Ɗan Rigasa nemi binciken NBS da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, sun ƙiyasta wajen naira biliyan 721 aka ba jami'an gwamnati cin hanci a 2023 kaɗai.

Ɗan Kakuri:
Ku dai kuna ta zancen Ingila. Ku zo Kakuri a Kaduna ku ga masaƙu, masaƙar Kaduna Textiles (KTL) tun 1957 take aka rufe a 2002, sauran ma suka bi. Babana a masaƙa ya tsufa, da in an tashi aikin dare titi cike yake da kekuna. Ba wuta, ga atamfar fasa-ƙwauri na shigowa ta boda an san wa ake ba wa a kau da kai. To wannan talauci za ka kira shi ko cin hanci? Ai cin hancin ne ya haifi talaucin.

Ɗan Rigasa:
Na gode ƙwarai, amma Malam ta yaya zan auna cin hanci? Ba wanda zai ce min ya karɓa.

Tsohon Lakcara:
Ba mai karɓa ake tambaya ba, sawun kuɗin ake bi. Wasu masana Reinikka da Svensson haka suka yi a Yuganda, suka gano daga 1991 zuwa 1995 kashi 13 cikin 100 kacal na tallafin makarantun firamare ke isa makaranta. Kai ba ka da kuɗin irin wannan, ka tambayi nas-nas da likitoci talatin masu shirin tafiya abin da ya faru ranar da suka yanke shawara. Maman Ilham ko yayar taki za ta yarda ya kira ta a WhatsApp?

Maman Ilham Barnawa:
Zan tambaye ta Malam, sai dai Lahadi, aikin dare take yi satin nan.