Masu buga Sokoban, ku taimaka min da ɗakin ajiya mai ƙofa ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanan nan na sake komawa kan Sokoban, wasan nan na tura akwatuna zuwa wuraren ajiyarsu da Hiroyuki Imabayashi ya ƙirƙira a Japan, wanda ya fito a 1982. Rabona da shi tun ina yaro.

Dokokin ban manta ba: turawa ake yi, ba a ja, kuma akwati ɗaya tak ake turawa a lokaci guda. Na san akwatin da ya shiga lungu ya mutu, wato ba zai sake turuwa ba, haka ma huɗu idan suka dunƙule biyu sama biyu ƙasa.

Inda na maƙale shi ne matakin da duk wuraren ajiyar suke cikin ɗaki guda mai siririyar ƙofa. Na farkon suna shiga lafiya lau, amma kafin in kawo na ƙarshe sai in tarar na toshe hanyar da zan zagaya bayansa. Cika na can ƙurya tukuna bai fisshe ni ba.

Wai gaskiya ne warware shi daga ƙarshe zuwa farko, kamar ana janyo akwatunan, ya fi sauƙi? A ka kuke lissafa hakan ko a takarda? Don Allah dabarar nake so, kada a turo min bidiyon amsar.