Ciki ya tsufa a zafin Kano: wane ciwo ne na haƙuri, wanne ne na gudu asibiti?

Amaryar Kurna ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Cikina na fari ne, kuma bisa lissafin da ke katin awona yanzu ina mako na 35. Tun da na shiga wata na takwas barci ya ƙaurace mini, domin da zarar na kwanta ƙwannafi yake taso mini har maƙogwaro, idan ya lafa fitsari ya tashe ni, wani lokaci kuma jijiyar ƙafa ta ɗaure mini cikin dare har sai na yi ƙara. Ƙafafuwana suna kumbura, musamman da yamma, ga zafin bazara ga rashin wuta. Surukata ta ce zaƙi ne ya yi mini yawa, ta aiko mini da jiƙon sassaƙe a jarka in riƙa sha safe da yamma domin naƙuda ta zo da sauƙi. Ban fara sha ba, kuma na rasa yadda zan yi mata bayani ba tare da ta ga na raina ta ba. Mahaifiyata kuma tana so in tafi goyon ciki gidanmu, a wani ƙauye gaba da Bichi, alhali a nan cikin gari nake awo. Ina roƙon ku bambance mini abin da yake na al'ada da wanda yake na hatsari, ku faɗa mini yadda ake gane naƙudar gaskiya da abin da ya kamata in tanada.

Sista Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Zan fara da kumburi, domin shi ne abin da ya fi buƙatar a tsaya a kansa cikin duk abin da kika lissafa. Kumburin da yake tsayawa a ƙafa da idon sawu, ya ƙaru da yamma, ya kuma saɓe bayan kin kwana, yawanci nauyin mahaifa ne yake danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya, zafin gari kuma yana ƙara shi. Maganinsa shi ne ki rage doguwar tsayuwa, ki riƙa ɗora ƙafafunki a kan matashi idan kin zauna, ki kwanta ta gefe, musamman na hagu, ki daina kwanciyar rigingine, kuma kada ki rage shan ruwa don gudun fitsari. Amma idan kumburin ya hau fuska da hannuwa har zobe ya ƙi fita, ko ya zo farat ɗaya, ko ya haɗu da ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ko ki riƙa ganin dishi-dishi ko walƙiya, ko ciwo a saman ciki ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to wannan ba abin jiran ranar awo ba ne, a ranar za ki tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Waɗannan alamun hawan jinin ciki ne, wanda ake tabbatar da shi idan awon jini ya kai 140 bisa 90 tare da furotin a fitsari, kuma shi ne yake kaiwa ga jijjiga. Ya fi kama masu cikin fari irinki, kuma abin takaici shi ne a gidaje da yawa idan mace ta fara jijjiga sai a ce iska ce, a tsaya hayaƙi da tofi, alhali akwai allurar da ake yi a asibiti wadda take tsayar da ita. Addu'a ba ta hana a saka mace a mota. A yi ta a hanya.

Saboda haka ne ma ake matso da ranakun awo a ƙarshen ciki. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas, na ƙarshe-ƙarshen su ne a mako na 34, 36, 38 da 40. Duk zuwan da kika yi ki tabbatar an auna jininki, ki tambayi adadin, ki ga an rubuta a katin.

Ƙwannafi kuwa wahala ce kawai, ba hatsari ba. Sinadaran da jiki ke fitarwa lokacin juna biyu suna sassauta bakin tumbi, yaro kuma yana tura shi sama. Ki raba abincinki kaɗan-kaɗan, ki daina cika ciki da tuwo dab da kwanciya, ki rage yaji da soye-soye, ki tada kafaɗunki da matashi biyu. Kada ki lashi kanwa don shi kamar yadda wasu suke yi, ki roƙi maganinsa a wurin awo. Idan jijiya ta ɗaure, ki miƙe ƙafar ki janyo yatsun wajen ƙaurinki, za ta saki. Maganin ƙarin jini da aka ba ki kada ki haɗa shi da shayi, domin shayi yana rage wa jiki amfana da shi, kuma idan ya ɗaure miki ciki ki yawaita zogale, alayyafo, kankana da lemo.

Jiƙon nan kada ki sha. Ba wanda ya san abin da ke cikinsa ko ƙarfinsa, kuma wasu irinsa suna sa mahaifa ta riƙa matsawa da ƙarfi tun bakinta bai buɗe ba, yaro ya galabaita a ciki. Idan ana tsoron sukari ya yi yawa, gwajinsa a jini ba ya ɗaukar lokaci.

Game da naƙuda, ciwon da yake zuwa ba tsari, ciki ya yi tauri ya saki, ya kuma ɓace idan kin huta ko kin sha ruwa, share fage ne kawai. Ta gaskiya takan fara daga gadon baya ta zagayo mara, tana zuwa a kan tsari, tazararta tana raguwa ƙarfinta yana ƙaruwa, kuma ba ta jin hutu. Idan ta koma duk bayan minti biyar, ki kama hanya. Amma abubuwa uku ba a jira musu ciwo: fashewar faya, musamman idan ruwan kore ne ko ruwan ƙasa; zubar jini; da raguwar motsin yaro daga yadda kika saba ji.

Hajiya Kakar Yara, Gwale, ta amsa:

'Yata, Sista ta gama maganar asibiti, ni ta gida zan yi miki. Batun surukarki ba naki ba ne, na ɗanta ne. Ke ki kira ta ki yi godiya kamar yadda ya dace, domin don ƙauna ta aiko, sannan mijinki ya je har gida ya gaishe ta, ya ce ma'aikatan asibiti sun hana ki haɗa wani magani da wanda suka ba ki har sai kin sauka. Daga bakinsa magana ce, daga bakinki kuwa raini za a ɗauka, kuma ita ma ba za ta so a ce wani abu ya sami jikanta ta dalilin jarkarta ba.

Goyon ciki kuma al'ada ce mai kyau, ban yarda da masu kushe ta ba, domin yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba tana buƙatar uwarta kusa, ga kunya da ke hana ta faɗa wa dangin miji abin da take ji. Sai dai a zamaninmu mun ga abin da nisa da asibiti yake jawowa. Mun ga 'yan mata sun kwana biyu a kan gwiwa ana cewa su yi haƙuri kada su ba da kunya, daga baya aka kai su sashen masu yoyon fitsari na Asibitin Murtala, ga ba ɗa ga ba lafiya. Abin da na yi wa nawa 'ya'yan shi ne ni na tattara na je na zauna da su har suka haihu a inda suke awo, bayan suna muka taho gida wanka tare. Ki ba mahaifiyarki wannan shawarar, ko ta turo miki wata gwaggonki mai hankali.

Kaya kuwa ki haɗa su yanzu a jaka guda, ki ajiye inda kowa ya sani. Ki sa zannuwa tsofaffi masu laushi da yawa, domin sun fi sababbi amfani a ranar, da audugar mata, da rigunanki masu buɗewa ta gaba saboda shayarwa, da kayan jariri wankakku, da filas na ruwan zafi, sannan duk abin da aka rubuta muku a takarda a wurin awo. Katinki ya kasance a saman jakar. Ki yi kitso ƙanana da za su daɗe. Idan sujada ta yi miki wuya ki yi sallarki a zaune, addini ya sauƙaƙa. Idan kin sauka lafiya kuma a ba ki wankanki na ganyen darbejiya da kununki na kanwa har arba'in, jikinki zai koma daidai.

Baban Biyu, Hotoro, ya amsa:

Ku gafarce ni da shiga maganar mata, amma akwai ɓangaren da yake wuyanmu, kuma ina roƙon 'yar'uwa ta nuna wa maigidanta wannan. Naƙuda ta fi son dare, kuma tun da gwamnatin jiha ta hana Adaidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe a shekarar 2022 mutane suka gane cewa abin hawan dare ba abin dogaro ba ne. Ya yi magana da maƙwabci mai mota tun yanzu, ya sami na biyu idan na farkon bai ɗaga waya ba, idan motarsa ce kada ta kwana ba mai. Ya kuma bar izini a fili, a gaban mahaifiyarsa da duk wanda ke gidan, cewa idan abu ya taso ba ya nan a wuce da ita asibiti ba sai an same shi ba.

Sai batun jini. Ya san rukunin jinin matarsa, ya tanadi 'yan'uwa ko abokai biyu da suka amince za su bayar, domin zubar jini bayan haihuwa ba ya ba da lokacin zagaye gari ana neman mai taimako. Ya ware kuɗi daban da na ragon suna, saboda ko a inda ake sauƙaƙa kuɗin haihuwa ba a rasa abin da za a ce a sayo. Ya kuma tambaya tun yanzu ko asibitin da take awo yana yin tiyata da daddare, idan kuma ba ya yi, ina suke tura mata, Murtala ne ko Nasarawa ko na Malam Aminu Kano. Idan likita ya ce sai an yi aiki, ya sa hannu, kada ya tsaya kiran taron dangi.

Sista Ungozoma ta sake amsawa:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, shawararki kan suruka da goyon ciki ta fi tawa, amma ina neman afuwa a kan kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta game da yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka kuma alaƙanta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ɗaga jini, don haka mai kumburi ko hawan jini ba ta da abin yi da ita. A dama mata kunun gyada ko na tsamiya, a ba ta nama da ganye. Wanka kuwa a yi shi da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, wadda aka yi wa aiki kuma ta bi abin da aka gaya mata har ɗinkin ya warke. Duk mai jegon da take haki, ko ba ta iya kwanciya sai an tokare ta, ko ƙafafunta suna ƙara kumbura, a mayar da ita asibiti. Sannan a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, kada a matse dakashi a zubar, domin shi ne rigakafinsa na farko, cibiya kuma kada a gasa ta ko a shafa mata man goge baki, akwai maganin da ake bayarwa domin ta.

Amaryar Kurna ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maigida ya karanta, ya ce zai je wurin Hajiyarsa da kansa, Umma kuma ta amince za ta zo. Tambaya ɗaya ta rage mini, Sista: idan ranar da aka rubuta mini ta wuce ban haihu ba, zama zan yi in jira?

Sista Ungozoma ta amsa:

Ranar nan ƙiyasi ce, mata ƙalilan ne suke haihuwa a cikinta daidai, kuma masu cikin fari sukan ɗan gota ta. Daga mako na 37 ciki ya isa haihuwa, don haka ki zauna cikin shiri tun daga lokacin. Idan kin cika mako 40 ki je awonki kamar kullum, a duba jininki da bugun zuciyar yaro da kwanciyarsa. Idan kin kai 41 shiru, kada ki ƙara kwana a gida kina jira, ki koma a sake duba ki, domin daga nan ne likitoci suke yanke shawarar tayar da naƙuda, saboda mabiyiya tana fara rauni idan ciki ya wuce lokaci. Ranar da za ki je wannan awon ki tafi da jakarki, don mai yiwuwa ne a ba ki gado.