Tsohon fim ɗin Godzilla mai baƙi da fari: wanne ne na asali?

Abban Khalil:
Assalamu alaikum. Yarana sun addabe ni da zancen Godzilla tun da suka ga wanda yake faɗa da Kong. Na je neman na farko sai na tarar da guda biyu: ɗaya da Japananci, ɗayan kuma da wani ɗan jarida Ba'amurke mai ba da labari. Wanne ne na asali? Kuma ya dace da 'yan firamare?

Malam Mai Majigi:
Wa'alaikumussalam Abban Khalil. Na Japanancin shi ne na asali. Kamfanin Toho ya fitar da shi a Nuwamba 1954, Ishiro Honda ya ba da umarni. Ɗayan kuwa Amurkawa ne suka saya suka yanyanke, suka cusa ɗan wasa Raymond Burr a ciki a matsayin ɗan jaridar nan, suka sake shi a 1956, kuma da yawa daga abin da suka cire maganar bam ce.

Don Allah ka fara kallonsa kai kaɗai. Fim ɗin makoki ne. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada wani ƙaton bam na nukiliya a tsibiran Bikini, ashe akwai jirgin masuntan Japan a yankin, Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a ciki. Farar toka ta yi ta zubo musu. Suka koma gida fata ta ƙone, gashi yana zuba, a Satumba mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu. Jama'a suka ƙaurace wa kifi, aka riƙa binne shi. Shekara tara ke nan kacal bayan Hiroshima da Nagasaki. Shi ya sa fim ɗin ya buɗe da ma'aikatan jirgin ruwa suna hutawa, sai wani haske ya taso daga teku ya cinye su. Duk wanda ke cikin silima a lokacin ya san inda aka dosa.

Abin da ya fi taɓa ni ba dodon ba ne. Bayan ya ƙone Tokiyo sai a kai ka asibiti, mutane kwance a ƙasa, likita ya kara na'ura a jikin wani yaro, ta nuna gubar ta shige shi. Akwai kuma wata uwa da ta rungume 'ya'yanta a gindin gini, wuta ta ko'ina, tana ce musu sun kusa tarar da babansu. Honda ya yi soja, kuma ya ratsa ta Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida bayan yaƙi. Ya san abin da yake ɗauka.

Anti Balaraba:
Malam, na yarda da zancen tarihin, amma a wajen aiki King Kong na 1933 ya fi shi. Willis O'Brien 'yar tsana ya riƙa motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, har ka ga tausayi a fuskar birin. Godzilla kuwa kowa ya san mutum ne a cikin rigar roba.

Malam Mai Majigi:
Gaskiyarki Anti, shi kansa Eiji Tsuburaya da ya haɗa dodon masoyin King Kong ne, irin wannan aikin ya so yi, lokaci da kuɗi suka hana. Amma ki duba wahalar da aka sha. Rigar ta kai wajen kilo 100, Haruo Nakajima da ke sa ta ba ya wuce 'yan mintoci a ciki saboda zafi, wani lokacin har suma yake. An gina ƙananan gidajen Tokiyo, aka sa kyamara a ƙasa tana gudu fiye da ƙa'ida, don in an kunna a ga tafiyarsa da nauyi. Ga dare, ga hayaƙi, baƙi da farin ya rufa wa robar asiri. Kukan nasa ma Akira Ifukube, mai kiɗan fim ɗin, ne ya samo shi, da safar hannu ta fata da aka shafa wa ƙaro aka goga a tsirkiyar wani ƙaton goge na Turawa.

Kuma wannan dabara ta dole ita ta yi jikoki. Tsuburaya ya fito da Ultraman a 1966, irin Power Rangers ɗin da muka tashi muna kallo ma daga wannan tsatson suke. Toho ta yi finafinan Godzilla fiye da talatin. Godzilla Minus One na 2023, wanda ya mayar da labarin Japan ta bayan yaƙi, ya ci Oscar a 2024, har suka sake fitar da shi a baƙi da fari.

Abban Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To yaran fa, me zan sa musu?

Malam Mai Majigi:
Amin. Nemo musu King Kong vs. Godzilla na 1962, mai kala ne, akwai ban dariya, kuma faɗan da suke so yana ciki. Na 1954 ka ajiye sai sun shiga sakandare, ku kalla tare bayan ka ba su labarin masuntan nan.