Shawara kan ƙungiyar matan unguwa

Maman Amira (Yelwa, Garwa): Salamu alaikum 'yan uwa. Mu mata 18 muna adashi duk Juma'a jika biyu biyu, amma kowa ta kwasa sai kuɗin ya tafi a anko da gudummawar biki, ba abin da ke tsayawa. So muke mu mai da shi ƙungiya ta gaske, dan Allah ta ina za mu fara?

Inna ta Domayo: Wa alaikumus salam 'yata. Ku koma tsarin asusu irin wanda ake ce wa AVEC, mu nan Marwa shi muke yi. Asalinsa ma daga Maraɗi ne, Mata Masu Dubara, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi a 1991. Akwati guda kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, ta huɗu ce ke ajiye akwatin kuma ba a buɗewa sai gaban kowa. Duk mako mace ta zuba hannu ɗaya zuwa biyar daidai ƙarfinta, mai sana'a ta ranta ta biya cikin wata uku, shekara ta zagayo a raba. Sannan ku ware ɗan asusun taimako na ciwo da rasuwa, wannan ba rance ba ne, kyauta ne.

Maman Amira: Toh Inna batun ruwa fa? Malamarmu ta islamiyya ba za ta yarda ba wlh

Inna ta Domayo: Mu ma ba ma ɗora ruwa. Damina ta wuce mu sayi gyaɗa da masara mu ajiye, in ta yi tsada mu sayar, nan ribar take.

Baban Yusuf: Hajiya ku yi rajista, kar ku raina wannan. Dokar ƙungiyoyi ta Kamaru ta Disamba 1990 ta ce a kai sanarwa ofishin prefe da dokokin ƙungiyar da sunayen shugabanni, su ba ku resepise, wato takardar shaidar sun karɓa. In wata biyu ya wuce prefe bai ce komai ba, an karɓa ke nan. Da takardar za ku iya buɗe asusu da sunan ƙungiya ba a Orange Money ɗin mutum ɗaya ba.

Anti ta Foulbere: Ni abin da zan ƙara, kar zaman ya tsaya a kuɗi kaɗai. Namu bayan zubi rabin awa wadda ta yi lakwal tana koya wa sauran karatu da lissafi, yanzu kowa na iya duba kaye, littafin asusunmu, da idonta. Kafin ruwan farko kuma mu fito gayya da samarin layi a yashe kwata saboda sauro.

Maman Amira: Allah ya saka da alheri. Inna zan kira ki bayan la'asar ki turo min dokokinku mu karanta ranar Juma'a