Bakin busa na tirampet da na konet: wanne za mu saya wa yara?

Ɗan Asawase:
Assalamu alaikum, manya. Yaran badujalar makarantarmu a Kumasi suna shirin faretin 6 ga Maris, ranar 'yancin kan Ghana, tirampet huɗu, konet biyu (konet ƙaho ne mai kama da tirampet, sai dai ya fi shi gajarta). Bakin busan da ke hannu duk 7C ne, sai guda ɗaya mai lamba 14A4a da aka ba mu kyauta. Yara biyu na kukan leɓensu na mutuwa kafin minti 20, mai konet kuma ya ce bakin tirampet ya ƙi zama a tasa. Me za mu saya, me za mu bari?

Malamin Badujala, Aboabo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da sanin ƙarfen kansa. Akwai gefen da leɓe ke zama a kai, sai kwanon ciki, sai maƙogwaro, wato ɗan ramin da ke gindin kwanon, sai wuyan da ke shiga jikin ƙaho. A lissafin Bach, kamfanin da lambar 7C ta fito daga gare shi, ƙaramar lamba ita ce mai faɗi: 1½C milimita 17 ne, 3C 16.3, 7C 16.2, 10½C kuma 15.9. Harafin zurfin kwano yake nunawa. A mai zurfi ne, C tsaka-tsaki, E ba zurfi.

Wancan 14A4a na kamfanin Schilke ne, kuma lissafinsu a juye yake: babbar lamba ce mai faɗi, A ɗin kuma kwano ne mara zurfi. An yi shi don ƙwararrun da ke busa muryar sama. Yaro in ya sa shi, da leɓe ya ɗan kumbura sai ya taɓo gindin kwanon, sauti ya ɗauke, muryar ƙasa kuma ta fito siririya kamar ta sauro. Sa shi a akwati ka kulle.

Gajiyar minti 20 kuwa, da wuya laifin 7C ne. Duba leɓen yaron da zarar ya sauke ƙaho. In ka ga zobe ja ya kwanta sosai, ko shatin haƙori ta ciki, dannawa yake da hannu maimakon ya turo iska daga ciki. Su riƙa jan dogon sauti a hankali, daga muryar do zuwa so a jerin do-re-mi, minti biyar kullum, su huta daidai tsawon abin da suka busa.

Hajiya Mai Konet:
Malam ya gama da tirampet, bari in taɓa konet. Wuyan bakinta ya fi na tirampet gajarta da siranta, shi ya sa wancan ya ƙi shiga. Kada a tura da ƙarfi, kada kuma a naɗa takarda ko salatif don a cike gurbi, iska za ta riƙa zurarewa, murya ta kauce. Kwanon konet na asali mai zurfi ne, kamar mazurari, shi ke ba ta taushin nan da ya raba ta da tirampet. In aka sa mata mara zurfi, an kashe abin da ya sa aka saye ta. Bakin 4B na kamfanin Denis Wick na Ingila ya isa mai koyo. 4 mara harafi ya fi zurfi, yana cin iska da yawa, a bar wa manya.

Ko a konet ɗin ma wuya iri biyu ne, gajere da dogo. Don haka, ɗana, ɗauki ƙahon ka tafi da shi shago a Adum. Sa bakin, murɗa shi kaɗan, ka girgiza. In ya yi motsi, ba nata ba ne.

Baba Mai Gyara:
Ni inda zan ɗan bambanta da Malam: ba kowane yaro 7C ke yi wa daɗi ba, gefensa na ciki yana da ɗan kaifi. Wanda ya shekara yana busa kuma har yanzu yana jin matsi, a gwada masa 5C ko 3C, amma ya yi mako biyu a kai kafin a yanke hukunci. Ranar farko kowane sabon baki daɗi yake yi. Kuma kada a sauya saura kwana kaɗan fareti.

A kula da jabu masu tambarin 7C. Shafa gefen da yatsa. In akwai kaushi, ko azurfar ta goge tagulla ta fito, a ajiye shi, yana sa leɓe ƙaiƙayi da ƙuraje. Ƙarshen wuya in ya lotse saboda faɗuwa, murya ba za ta daidaita ba sai an buɗe shi. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu da ɗan buroshi duk mako, kowa da nasa. Da hunturu a shafa man kaɗanya da dare, a goge kafin busa.

Ka hana su bugun bakin da tafin hannu bayan sun sa shi, haka yake maƙalewa. In ya maƙale, kada a kama da filaya, bututun gaba ne zai murɗe ko liƙin ya ɓalle. Akwai ƙarfen zare shi na musamman, a kai wa mai gyara.